Motoci masu iyo: tsakanin Argo ta Kanada da MAX ta Amurka

Tsakanin garin New Hamburg na lardin Ontariyo a ƙasar Kanada da birnin Buffalo na jihar Niyok a Amurka, tafiyar ba ta kai ta Maraɗi zuwa Damagaram ba. A waɗannan garuruwa biyu ne aka yi shekaru fiye da 40 ana ƙera waɗansu ƙananan motoci masu ƙafa shida, waɗanda suke tafiya bisa tudu, su ratsa taɓo, in sun iske tabki kuma su faɗa ciki su yi iyo har su fita ta wancan gefe, ba tare da direba ya sauka ko ya canza wani abu ba. Ta Kanada sunanta Argo, ta Amurka kuma MAX. Wanda ya hange su daga nesa zai rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, amma maharba da ma'aikatan daji na can sun daɗe suna gardama a kan wadda ta fi, kuma gardamar tana da tushe, domin abin da ya bambanta su yana ɓoye ne ƙarƙashin daɓen da direba yake ɗora ƙafafunsa.

Ƙasar ce ta haifi motar. Arewacin Kanada cike yake da tabkuna, kuma tsakanin wannan tabki da wancan akwai wata irin fadama mai ruɗi, wadda samanta ciyawa ce kore shar, ƙarƙashinta kuwa laka ce mai kamar kunu. Kwalekwale ba ya wucewa domin ruwan bai isa ba, mota ba ta wucewa domin ƙasar ba ta ɗaukar nauyi, mai tafiya ƙasa kuwa sai ya nutse har gwiwa ko ƙugu. A farkon shekarun 1960 aka fito da motar farko ta wannan iri a birnin Toronto, mai suna Jiger. Kamfanin Ontario Drive & Gear, wanda aka kafa a 1962, ya fara ne da ƙera giya yana sayar wa waɗansu, ciki har da masu yin wata motar iyo mai suna Amphicat; da ya ga kasuwar tana ci, sai a 1967 ya fito da tasa, ya raɗa mata sunan Argo, wanda ya samo asali daga wani jirgin ruwa na tatsuniyoyin Girkawan da. Shekara biyu bayan haka, a 1969, aka kafa kamfanin Recreatives Industries a Buffalo, mai yin MAX. A lokacin kamfanonin da suka shiga wannan sana'a suna da yawan gaske, akwai Attex, akwai Scrambler, akwai Terra Tiger, kowa da tasa. Ba a daɗe ba kasuwar ta karye. A 1970 kamfanin Honda ya kawo babur mai ƙafa uku wanda ya fi araha, a 1973 tsadar man fetur ta zo ta ƙarasa sauran. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: cikin tarin sunayen nan, Argo da MAX na cikin ƴan kaɗan da suka ga ƙarshen ƙarni suna tsaye da ƙafafunsu.

Kowane kamfani yana da samfura da dama, amma waɗanda suka dace a jera su kafaɗa da kafaɗa su ne Frontier mai ƙafa shida ta Argo da kuma MAX IV, domin kowaccensu an yi ta ne don mutum huɗu a tudu. Tsawon kowace bai kai mita biyu da rabi ba, faɗinta kusan mita ɗaya da rabi, nauyinta kuwa yana kewayen kilo 400, ta Kanada ta ɗan fi nauyi. Jikinsu na roba ne mai tauri, irin wadda ake yin manyan tankunan ruwa da ita, an yi shi gida biyu kamar ƙwarya da murfinta, ƙashin ƙarfe yana kwance a cikin na ƙasa. Hatta injin sau da yawa ɗan gida ɗaya ne: ƙaramin injin fetur mai silinda biyu na kamfanin Briggs & Stratton, mai ƙarfin doki 18 ko 23, ɗan'uwan wanda ake ɗora wa janareto da famfon ban ruwa, ko da yake an sayar da waɗansu MAX IV da injin Kohler ko na Kawasaki. Daga inji ƙarfi yana bin bel na roba zuwa akwatin giya, daga akwatin giya kuma sarƙoƙi ne suke kai shi ga ƙafafun shida, uku a dama uku a hagu. Ba su da sifirin ko ɗaya. Tayoyin su ne sifirin, shi ya sa ake hura musu iska kaɗan ƙwarai: inda tayar motar gari take shan wajen kilo 2, tasu ba ta kai ko rabin kilo ba. Tayoyin nan masu faɗi su ne suke hana motar nutsewa cikin laka, su ne suke taimaka mata ta taso saman ruwa, kuma zanen da ke jikinsu shi ne filafilin da take tuƙa kanta da shi.

Abu na ƙarshe da suka yi tarayya a kansa shi ne ƙafafunsu ba sa karkata. Babu sitiyarin da ke juya ƙafar gaba kamar na motar da aka saba da ita. In ana son a bi hagu, sai a rage gudun ƙafafun hagu ko a tsayar da su, na dama su ci gaba da juyawa, motar ta murɗa kamar katafila. Yadda kowane kamfani ya warware wannan matsala ta murɗawa, nan ne hanya ta rabu, kuma mai son fahimtar gardamar sai ya yi haƙuri ya leƙa cikin akwatin giya.

A cikin akwatin Argo na asali akwai irin na'urar nan da ke tsakiyar aksul ɗin bayan kowace mota, mai raba ƙarfin inji tsakanin dama da hagu, wadda makanikai ke kira difaranshiyal. A bakin kowane gefe an saka faifan birki. Direban Frontier yana riƙe da kai irin na babur. In ya karkata shi hagu, birkin hagu ne ya kama, ƙarfin da aka hana wa hagu sai ya kwarara dama, ƙafafun dama su ƙara sauri, motar ta juya. Sauƙin wannan tsari a fili yake. Duk wanda ya taɓa hawa babur, cikin ƴan mintoci hannunsa zai faɗa. Tsoffin samfuran Argo da sanduna biyu ake tuƙa su, sai daga 2004, da fitowar samfurin Avenger, kamfanin ya koma ga kan babur.

Sai dai difaranshiyal yana da wani hali da kowane direban ƙauye ya sani. Wanda ya taɓa kafewa cikin rairayi da a-kori-kura ya ga yadda ƙafa ɗaya take juyawa a banza tana watsa ƙasa, alhali ɗayar, wadda take bisa ƙasa mai tauri, ta tsaya cik. Ƙarfi yana bin inda ya fi sauƙi ne, kamar ruwa. Haka yake faruwa ga Argo in gefe ɗaya ya faɗa laka mai santsi ko ya rataya a sama: ƙafafu ukun da ba su riƙe komai ba su ne za su kwashe ƙarfin. Gwanayen direbobinta suna da dabara, sukan ɗan taɓa birkin gefen da ke juyawa a banza domin su tilasta wa ƙarfin ya koma inda ake bukatarsa, kuma dabarar tana aiki, amma sai an koya. Ban da wannan, juyawa da birki tana cin ƙarfin inji, tana kuma ɗumama faifan. A kan ƙasa mai tauri, in aka nemi juyawa a wuri ɗaya da kaya a baya, sai a ji injin yana nishi. Maganin da kamfanin ya tanada shi ne ƙaramar giya, domin akwatin Argo yana da babbar giya da ƙarama ban da ta baya, kuma wannan ƙaramar giya ba ƙaramin abu ba ce ga mai jan kaya ko hawan gangare. Tun wajen 2010 kuma kamfanin ya fito da wani sabon akwati mai suna Admiral, wanda ya rage asarar ƙarfi a wurin juyawa, har ma a ƙaramar giya yakan sa ƙafafun ciki su juya da baya. Daga baya aka saka shi a waɗansu samfuran Frontier. Saboda haka mai sayen Frontier sai ya tambaya wane akwati ne a cikinta, domin suna ɗaya ne amma ciki ba ɗaya ba.

MAX IV ta bi wata hanya dabam. Akwatinta sunansa T-20, kamfanin Borg-Warner ne ya tsara shi a ƙarshen shekarun 1960, motocin iyo da yawa na wancan zamani sun yi amfani da shi, daga baya kamfanin MAX ya mallaki haƙƙin ƙera shi. Babu difaranshiyal a cikinsa. A gaskiya akwati biyu ne aka haɗa cikin kasko ɗaya, ɗaya na dama ɗaya na hagu, kowanne da ganguna da maɗaurai masu kama su, duka suna wanka cikin mai. Direba yana da sanduna biyu a gabansa. In duka biyun suna gaba, ƙafafu shida suna juyawa da sauri ɗaya, ko gefe ɗaya yana rataye a sama, ko yana cikin caɓi, babu ruwan akwatin. In ya jawo sandar hagu kaɗan, an cire gefen hagu daga inji. In ya ƙara jawowa, an taka masa birki. Gefen dama kuwa yana nan da gudunsa, bai ƙaru ba bai ragu ba, kuma dukan ƙarfin injin yana kansa. Wannan shi ne abin da masu MAX suke tinƙaho da shi, suna cewa tasu ce mai ƙafa shida ta gaskiya, kuma a cikin laka mai zurfi maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Inda direban Argo yake wasa da birki yana lallashi, na MAX tura sanduna kawai yake yi.

Kowane allazi da nasa amanu. T-20 giya uku gare shi, gaba, baya da furi. Babu ƙaramar giya. Sauya shi daga gaba zuwa baya sau da yawa sai an yi ta girgiza sanduna kafin haƙoran su shiga, kuma wanda ya yi masa ƙarfi-ƙarfi zai lalata ƴan ƙarafan da ke sauya giyar. In ya shiga giyar baya kuma, aikin sandunan juyewa yake yi: jawowa ita ce tafiya, turawa ita ce birki, abin da ya sha rikita baƙon direba a bakin rami. Maɗauran ciki suna saki da tsufa, sai an riƙa daidaita su, man ciki kuma yana son canji a kan kari. Akwati ne mai ƙarko ƙwarai, akwai waɗanda aka ƙera tun shekarun 1970 suna aiki har yanzu, amma yana son mai shi ya san shi kamar yadda mai doki ya san halin dokinsa.

Bambanci na biyu shi ne mazaunin inji, kuma wannan ido ma yana ganinsa. Injin Argo a gaba yake, ƙarƙashin murfi, direba yana bayansa, sa'an nan bayan motar fili ne mai ƴan benci biyu a gefe. Injin MAX IV a can ƙarshen baya yake, direba yana zaune a goshin motar, bayansa akwai kujera ta biyu mai kallon gaba. Daga wannan tsari abubuwa da yawa suka biyo. Fasinjan MAX IV yana zaune kamar mutum, da wurin miƙe ƙafa; manya biyu a bayan Frontier kuwa gwiwa da gwiwa suke, kamar ƴan kasuwar ƙauye a bayan motar lodi. Amma in kaya za a ɗauka, magana ta juye, domin bayan Argo rumbu ne, a zuba jarkoki, buhuna, ko naman dabbar nan ta dajin Kanada da ake kira mus, wadda ta fi bijimin sa girma, alhali a MAX IV inji ya riga ya zaune wurin. Direban MAX yana ganin duk abin da ke gabansa, gaban motar kuma ba shi da nauyi, yana ɗagawa ya haye kututture cikin sauƙi. Ladan wannan shi ne yana zaune daidai kan ƙafafun gaba a motar da ba ta da sifirin, kowane dutse sai ya gaisa da ƙashin bayansa. Direban Argo ya fi kusa da tsakiya, girgizar ta fi sauƙi, amma zafin injin yana bugun ƙafafunsa. A ƙasar da dusar ƙanƙara take rufe ƙasa wata huɗu ko biyar wannan alheri ne. A inda ake neman inuwa tun hantsi, wani abu ne dabam. Gangare ma yana da nasa hukunci: mai nauyi a gaba ta fi jin daɗin hawa amma tana son taka-tsantsan wurin gangarowa, mai nauyi a baya kuwa akasin haka.

A tudu duka biyun ba masu gaggawa ba ne, gudunsu yana kewayen kilomita 35 a awa, kuma wanda ya riƙe wannan gudu a kan hanya mai gargada ba zai so ya maimaita ba. Tankin Frontier yana cin wajen lita 27, na MAX wajen lita 19, bambancin da ke da ma'ana ga wanda zai yini a daji nesa da gidan mai. A mafi yawan jihohin Amurka da lardunan Kanada ba a ba su izinin bin kwalta tare da sauran motoci, a ƙaramar tirela ake jan su zuwa bakin daji a sauke.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ke jan ido, kuma ita ce ta fi bukatar a faɗi gaskiya a kanta. Duka biyun suna iyo, amma iyon agwagwar da ta ƙoshi. Gudunsu a ruwa wajen kilomita 5 ne a awa, wato saurin mutum mai tafiya ƙasa, kuma ko wannan sai tayoyin suna da sauran zane. In sun suɗe, motar sai ta tsaya tana kaɗa ruwa a wuri ɗaya. Masu MAX suna cewa tasu ta ɗan fi sauri, masu Argo suna cewa ya danganta da irin tayar da aka saka, kuma a nan bambancin bai kai a ɓata baki ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda kowace take zama a kan ruwa. Argo hancinta ne ke yin ƙasa saboda nauyin inji, don haka shiga ruwa daga gaɓa mai tsayi ko da gudu yana iya sa ruwa ya hau ta gaba. Akan so a sa ɗan kaya a baya domin ta daidaita. MAX IV gindinta ne ke yin ƙasa, haɗarinta yana wurin fita, lokacin da gaba ya hau gaɓa baya kuma yana nutse. Kamfanin Argo da kansa ya rubuta cewa mai ƙafa shida mutum huɗu take ɗauka a tudu amma biyu kawai a ruwa, ya kuma yi gargaɗi cewa a tsaya ga ruwa mai kwanciya, a sa rigar iyo, a riƙe filafili, kada a ɗaure bel ɗin kujera a kan ruwa, a kuma duba matosan da ke ƙasan jikin kafin a shiga. Matosan nan ƴan ƙanana ne, don zubar da ruwan wanki aka yi su, amma wanda ya manta bai mayar da su ba zai ga motarsa tana cika daga ƙasa a tsakiyar tabki. Ana iya ɗaura wa Argo ƙaramin injin kwalekwale a baya, wanda bai kai ƙarfin doki 10 ba. Yana ƙara mata sauri, amma bai mai da ita jirgi ba.

Wannan gargaɗi ya shafi mai karatu kai tsaye. Tun bayan ambaliyar damanar 2024, wadda ta yi ɓarna mai yawa a jihar Maraɗi, ta rushe tsohon masallacin Damagaram, ta kuma yanke hanyoyin shiga Yamai na ɗan lokaci, duk wanda ya ga hoton irin wannan mota a wayarsa yana iya cewa ga maganin gulbi ya samu. Ba haka ba ne. Ruwan Gulbin Maraɗi in ya kawo, ko ruwan ƙoramar da ta sauko daga dutse bayan an yi ruwa da dare, gudunsa ya fi na motar nan nesa ba kusa ba. Abin da yake tasowa saman ruwa, ba shi da ƙarfin da ya fi tafiyar ƙafa, kuma ba shi da ƙoshiyar juyawa irin ta jirgi, in ya shiga irin wannan ruwa ya zama ƙwarya, inda ruwa ya so can zai kai shi, da mutanen da ke ciki. Argo da MAX duka ɗaya suke a nan, babu wadda ta fi wata. Inda za su yi amfani shi ne ruwan da ya kwanta: unguwar da ta cika bayan an ɗauke ruwa, fadamar shinkafa, bakin tabki mai ciyawa da laka inda kwalekwale yake kafewa. Ko a nan, kwalekwale ɗaya na katako yana ɗaukar abin da motar nan sai ta yi sawu biyar ba ta kwashe ba.

Akwai kuma abin da tallar ba ta nunawa, wato wahalar kulawa. Ƙafa shida tana nufin aksul shida, kowanne da boris ɗinsa da abin da ke hana ruwa shiga, kowanne yana son giris bayan an fito daga ruwa. Sarƙoƙin suna son mai, suna son a riƙa ɗame su, kuma sai an ɗaga daɓen motar ake kai musu. A Kanada maƙiyinsu tsatsa ce. A ƙasar rairayi maƙiyin ya fi haka, domin rairayi in ya haɗu da man sarƙa ya zama dutsen wasa wuƙa, yana cin sarƙa da haƙoranta a hankali. Taya mai laushi ba ta shiri da ƙayar aduwa ko ta bagaruwa, ga su shida, kuma ba irin da ake samu wurin mai faci a tasha ba ne. Juyawa irin ta katafila a kan kwalta ko jar ƙasa tana kankare zanen taya, zanen da shi ne filafilin. Injin da iska ke sanyaya shi, an kuma rufe shi cikin kaskon roba, a watan Afrilu ko Mayu sai an riƙa ba shi hutu. Duk waɗannan sun hau kan motocin biyu daidai wa daida, sai dai MAX ta fi sauƙin ciki, kayanta kaɗan ne, makanikin da ya san injin famfo da sarƙar babur zai gane mafi yawansu, in ban da akwatin T-20.

A nan ne tarihin kamfanonin ya shigo cikin lissafi, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa wanda ya sayi inji ya ƙulla zumunci ne da mai kayan gyaransa. Argo tana nan a New Hamburg ba ta gusa ba, ta ƙara samfura masu ƙafa takwas waɗanda kamfanonin haƙar ma'adinai, masu gyaran layin lantarki da ƴan kwana-kwana suke saye, tana da dillalai a ƙasashe da yawa, har injiniyoyin kamfanin sun taɓa ƙera wa hukumar sararin samaniya ta Kanada motocin gwaji na tafiya a duniyar wata. MAX kuwa ta sha hannu. A 2013 kamfanin Mudd-Ox na jihar Indiyana ya saye ta, aka daina ƙira a Buffalo. Bayan ƴan shekaru ƙirar ta tsaya, sunan ya sake canza hannu, kafin waɗansu su tayar da shi a jihar Fulorida ƙarƙashin tsohon sunan Recreatives. Ma'anar wannan ita ce mafi yawan MAX IV da ke kasuwa na hannu ne, ƙirar Buffalo, kuma lafiyarsu ta dogara ga yadda mai su na farko ya riƙe su. Suna da araha idan aka gwada da sabuwar Frontier, wadda kuɗinta ya haura dala dubu 10, dalar Amurka ba dalar cefane ba, wato fiye da miliyan 5 na sefa tun kafin a yi maganar jirgi, tashar ruwa, mota zuwa gida da kuɗin duwan. Amma mai sayen ta hannu daga nesa ba ya ganin boris ɗin da ya sha ruwa, ba ya jin ƙarar maɗaurin da ya saki, fentin roba kuwa ba ya tona asiri.

In aka auna duka, hukuncin ba shi da wuyar yankewa. Ma'aikata ko kamfanin da zai damƙa motar ga direbobi dabam-dabam, yana son ɗaukar kaya, yana kuma son in wani abu ya karye ya aika a kawo masa da lambar kayan, Frontier ce tasa, kuma in da hali mai akwatin Admiral. Mutum ɗaya mai riƙe sifanarsa da kansa, wanda aikinsa cikin laka mai zurfi yake, mutane yake ɗauka ba buhuna ba, MAX IV za ta kai shi inda Argo mai tsohon akwati za ta sa shi gumi, da sharaɗin ya yarda ya koyi halin T-20, ya kuma ajiye maɗaurai da sarƙa na ko-ta-kwana tun ranar saye. Jami'in da aka kawo wa takardar sayen ɗaya daga cikinsu don aikin agajin ambaliya kuwa, kafin ya sa hannu yana da tambayoyi uku da zai yi wa mai kawo kayan: wane irin ruwa za a shiga da ita, mutum nawa takardar kamfani ta yarda ta ɗauka a kan ruwa, kuma kwana nawa taya ɗaya take yi a hanya daga Ontariyo zuwa Tawa.